Alewar Anti

Alhamis, 31 ga Oktoba, 2024. Delhi.

Yau ba asibiti, likitan Baba ya tafi hutun Diwali, bikin fitilu na 'yan Hindu, sai Litinin. Wanki, faten dankali, waya da Umma har kati ya ƙare.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne zuwan Anti mai gidanmu bayan la'asar. Kwana uku ke nan tana goge-goge, har saman fanka, ta zana fure da garin launi a bakin ƙofa. Ta ce wai Lakshmi, allahiyarsu ta arziki, ba ta shiga gida mai datti ko mai duhu. Shekaranjiya kuwa ta sayo sabuwar tukunya, don ranar Dhanteras ce, ranar sayen zinari ko kayan ƙarfe. Mai ƙaramin ƙarfi ko cokali ne ya saya.

To yau sai ga ta da kwali, alewar yazawa ce yanka-yanka, an lulluɓe ta da wani abu mai ƙyalli kamar azurfa. Na miƙa hannu, sai na tuna an ce sukan ajiye irin wannan gaban gunki kafin a raba. Hannuna ya tsaya a hanya. Wallahi ba da niyya ba, amma ta gani.

Dariya kawai ta yi. Ta ce, "'Yata, wannan daga kanti yake, dubi ledarsa ko ɓarewa ba a yi ba. Wanda na kai wurin ibada daban yake, na san ba kwa ci." Ashe ta yi shekaru tana ba Musulmi haya. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Don in ɓatar da zancen na ce, "Anti, wai fitilun nan na mene ne?"

Ta zauna bakin gado kamar dama jira take. Sarkinsu Rama ne ya yi shekara 14 a daji tare da matarsa Sita da ƙaninsa. Ravana na Lanka ya sace matar, aka gwabza, Rama ya kashe shi. Daren da suka dawo Ayodhya babu farin wata, mutanen gari suka jera fitilu don su ga hanyar gida. Sunan bikin ma, in ji ta, jerin fitilu yake nufi. Fitilar kuwa ɗan kaskon yumɓu ne da mai da lagwanin auduga, sak aci-bal-bal ɗin Inna.

Baba ya ci alewa biyu, duk da sukarinsa. Na ɓoye sauran.

Yanzu ƙarfe goma sha ɗaya. Gwamnatin Delhi ta hana wasan wuta, amma unguwar nan kamar filin daga. Hayaƙi ya shigo ta ƙasan ƙofa, na toshe da jiƙaƙƙen tawul, Baba sai tari yake. Na leƙa taga, kowane baranda fitilu a jere, namu ne kaɗai duhu. Mu wata na huɗu ke nan.

Anti ta ce ranar Lahadi 'yan mata za su yi wa 'yan'uwansu maza addu'ar tsawon rai, su kuma su ba su kyauta. Na tura wa Yaya saƙo. Ya karanta tun tara, bai amsa ba.