Sarkin da Ya Ji Ɗumi da Littafin Annabi

In ana lissafin mugayen sarakunan Littafi Mai Tsarki, Ahab da matarsa Yezebel ake fara ambata. Ni kuwa Yehoyakim, sarkin Yahuza, shi ya fi tsaya mini a rai, don tasa muguntar cikin ruwan sanyi yake yin ta.

Fir'auna Neko na Masar ne ya ɗora shi a gadon sarauta a shekara ta 609 kafin haihuwar Almasihu, har ya sauya masa suna daga Eliyakim. Masar ta aza wa ƙasar harajin azurfa da zinariya, shi kuma ya tatso daga jikin talakawa. Ana cikin wannan matsi sai ga shi yana gina wa kansa katafaren gida mai benaye da manyan tagogi, an yi masa rufi da katakon al'ul, an shafe shi da jan fenti. Magina kuwa sun sha rana a banza, ba a biya su ladansu ba. Da wannan laifin annabi Irmiya ya fara tuhumarsa a sura ta 22 ta littafinsa, tun kafin ya ambaci zub da jini. Haƙƙin lebura ne a gaba, abin da masu mulki ba sa ɗauka a bakin komai.

Sai kuma ranar nan ta sura ta 36. Wata na tara ne, lokacin sanyi, sarki na zaune a ɗakinsa na hunturu, ga kaskon wuta a gabansa. Aka kawo naɗaɗɗen littafin da Baruk ya rubuta daga bakin Irmiya, wani bafade mai suna Yehudi ya fara karantawa. Da an karanta sashi uku ko huɗu, sai sarki ya sa wuƙar magatakarda ya yanke, ya jefa a wuta. A ci gaba da karatu, ya sake yankewa. Da cikin fushi ya wurga littafin gaba ɗaya, sai in ce zuciya ce ta ɗebe shi. Amma mutumin nan ya saurari komai tsaf, yana ƙonawa a tsanake. Fadawansa Elnatan da Delaiya da Gemariya suka roƙe shi ya bari, ya yi kunnen uwar shegu da su. Mahaifinsa Yosiya fa, da aka karanta masa Littafin Shari'a, tufafinsa ya yayyage don tsoron Allah.

Hukuncin da Irmiya ya sanar ya zo daidai da girman kansa. Ba wanda zai yi masa makoki. Jana'izar jaki za a yi masa, a ja shi a ƙasa a yar a bayan ƙofofin Urushalima, gawarsa ta sha zafin rana da sanyin dare. Baruk kuma ya sake rubuta littafin, har da ƙari a kan na farko.

Yehoyakim ya mutu a shekara ta 598, bayan mulkin shekara 11, rundunar Babila na tafe saboda tawayen da ya yi wa sarkinta Nebukadnezzar. Ɗansa Yehoyakin wata 3 kacal ya yi a kan gado, aka tasa ƙeyarsa zuwa Babila a 597, ya shekara 37 a tsare. Masu tonon kayan tarihi sun gano allunan yumɓu a kangon Babila, ɗauke da sunansa cikin jerin waɗanda fada ke auna wa mai.