Rabin hanya aka ba ni a Abijan

Kwanana uku a Abijan ta ƙasar Kwadebuwa wata mai sayar da burodi ta koya mini gaisuwa. Ni ɗin nan, Bakano, da tun ina yaro ake murɗe mini kunne in na wuce babba ban rusuna ba. Na tsaya gaban teburinta a unguwar Ajame da sassafe, na nuna burodi da yatsa, na miƙa kuɗi. Ba ta karɓa ba. Ta dube ni tun daga hula har silifa, ta ce, “Bonjur.” Na sake nuna burodin. Ta naɗe hannu a ƙirji ta maimaita, wannan karon da ƙarfi, har masu shan kofi a benci suka juyo. Sai a lokacin na gane. Na ce “Bonjur, Tanti,” wurin ya kaure da dariya, ta ɗauko burodin ta tsaga shi, ta shafa mini bota ba tare da na tambaya ba, ba ta kuma karɓi kuɗin botar ba.

Ba rashin tarbiyya ba ne ya hana ni gaishe ta. Tsoro ne. Kalmomin Faransancin da na zo da su ba su kai ashirin ba, ina ta tattalinsu kamar guzuri, ina gudun kada in buɗe baki a yi mini dariya. Ashe dariyar dai sai an yi ta, kuma ita ce ƙofar shiga garin.

Goro ne ya kai ni. Kawuna yana da rumfa a kasuwar Mariri, kuma ya daɗe yana karɓar kaya daga Kwadebuwa ta hannun wani Alhaji mutumin Tawa da ya haura shekara talatin a can. A watan Disambar 2023 ya ce in je in ga abin da idona, in san mutane su san ni. Na bi mota ta Legas, Kwatano, Lome, Akara, na tsallaka iyaka a Elubo zuwa Nowe, na iso a gajiye liƙis, ƙafafuna sun kumbura. Harkar goron a Anyama take, can arewa da birnin, inda mata ke zaune gaban tsibi-tsibi suna tsince fari da ja, ana jera shi a ganye. Kwana kuwa a Ajame nake yi, a gidan hayar da Alhaji ya kama mini ɗaki.

Irin gidan nan ne mai tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, ɗakuna a jere suna kallon juna. Akwai iyalin wani tela ɗan Burkina, akwai samari biyu ’yan Gine, akwai wata dattijuwa Kirista ’yar ƙabilar Baule da kowa ke ce wa Tanti, ita ce kamar uwar gidan. Ranar da Alhaji ya kai ni in gaishe ta, ta ce “Akwaba,” wato barka da zuwa, ta sa aka ba mu kujera, aka kawo ruwa a kofi. Na ce na gode, ba na jin ƙishi. Alhaji ya taka mini ƙafa.

“Sha, yaro, ko da kurɓi ɗaya ne,” in ji shi. “Nan ba a tambayar baƙo labari sai ya sha ruwa.”

Na kurɓa. Sai ta gyara zama ta tambayi labari. Alhaji ya amsa cewa babu wani mugun abu, gaisuwa ce ta kawo mu. Ta karɓa, ta ba da nata labarin gidan: an tashi lafiya, jikarta ta tafi makaranta, tana zaune sai ga mu. Sannan ta tambayi labari na biyu, a nan ne Alhaji ya faɗi ko ni wane ne da abin da ya kawo ni. Abin ya burge ni. Mu ma muna da “ina gajiya, ina labari, sai alheri,” amma tamu takan wuce da sauri kamar karatun da aka haddace. Su kuwa da gaske suke jiran amsar.

A titi kuma wani abu ne daban. Satin farko na ɗauka mutanen Abijan faɗa suke yi dare da rana. Murya sama, hannu na yawo, mace ta tsaya tsakiyar kasuwa tana zazzaga wa mai tura baro masifa, kafin ka ce a raba su sun koma tafawa. Wanda ya fi kowa baki shi ne yaron gbaka, ƙananan motocin hayar da ke jigila tsakanin Ajame da Abobo da Yopugon. Yana rataye a ƙofa yana kiran unguwa, yana gargaɗin kowa ya shigo da canjinsa. Canji a garin nan ya fi zinariya wuya.

Ni ban ji gargaɗin ba, na miƙa masa jaka guda, wato sefa dubu ɗaya. Da muka iso sai ya kamo hannuna, ya kamo hannun wani mutum mai jakar kwamfuta, ya danƙa mana takarda ɗaya ta ɗari biyar, ya buga jikin mota suka tafi. Na tsaya baki buɗe. Mutumin ya yi dariya ya nuna ni ya nuna kansa: an “haɗa” mu ke nan, mu je mu nemo canji mu raba. Muka shiga shago uku ba a samu ba. A na huɗu ya sayi ruwan leda biyu don a fasa kuɗin, ya ba ni ɗaya, ya ƙirga mini rabona daidai. Da ya fahimci ban san inda zan kama motar Anyama ba, ya bar hanyarsa ya raka ni har bakin motar, ya gaya wa direba inda zai sauke ni. Ban san sunansa ba, shi ma bai tambayi nawa ba. An sha haɗa ni da baƙin ido bayan wannan, kuma da yawa daga Faransancin da na iya a yawon neman canji na tsince shi.

Faransancin nasu ma ba irin na littafi ba ne. Akwai na titi da suke kira nushi, gauraye da Julanci da wasu harsunan ƙasar, har ɗan Faransa kan tsaya yana zare ido. Wannan ya sauƙaƙa mini, domin babu mai gyara maka magana, sai dai a kwaikwaye ka a yi dariya, gobe kuma a kira ka da kuskuren naka ya zama laƙabi. A kasuwa kuwa Julanci ya fi aiki. Suna ƙidayar kuɗi biyar-biyar kamar yadda mutanen Nijar ke ƙidaya da dala. Har tasin haɗaka da ake kira woro-woro daga nan sunansu ya fito, shida-shida, wato dala shida da ake biya a da.

Kalmar da na fi so ita ce “yako.” Sannu ce, amma ba ta gaisuwa ba, ta jaje. In ka yi tuntuɓe a hanya, mutum uku za su ce maka yako kafin ka miƙe. Da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni a sati na huɗu, na ji ta har na gaji. Tanti ta aiko jikarta da romo mai yaji safe da yamma, kuma kullum sai yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa ta isar da saƙon kakarta cewa kaza ce, Musulmi ne ya yanka. Ban taɓa tambaya ba. Ita ce ta san zan so in sani.

Sai garba. Duk wanda ya zauna Abijan ya san shi: aceke, wani tsaki-tsaki na rogo mai ɗan tsami, da soyayyen kifin tuna, a yanka albasa da ɗanyen barkono a kai, a zuba man suyar. Abincin ɗalibi ne da lebura da ma’aikacin banki in wata ya yi nisa. In ka iso rumfar, sai ka ɗauki cokali mai yatsu ka soke yankin kifin da kake so, ya zama naka, kowa ya gani. Ranar farko na tsaya ina haɗa Faransanci da kyar, sai mai suyar ya ce da ni, “Malam, na nawa za a sa maka?” Mutanen Nijar ne suka yi fice da sana’ar, sunan abincin ma sunan nan ne namu, Garba. Wato abincin da birnin ke tinƙaho da shi sunan baƙo yake amsawa. Wannan ya gaya mini wani abu game da garin fiye da duk allunan “Akwaba” da aka kafa a hanyar filin jirgi.

Kada in sa ku ɗauka aljanna ce. Sakin fuskar da ta buɗe mini ƙofofi ita ce ta sa na saki jiki inda bai kamata ba. Wani saurayi a tasha ya riƙa ce mini ɗan’uwa, ya riƙe mini jaka, ya ce zai canja mini kuɗi da farashi mai kyau, in jira shi minti biyar. Har yau minti biyar ɗin ba su cika ba. Da na gaya wa Alhaji, bai yi faɗa ba.

“A Kano kana ba wanda ka sani yau kuɗinka?”

“A’a, Baba.”

“To me ya canja, don ya yi maka dariya?”

Alhajin ne kuma ya ja mini kunne kan siyasa. Ƙidayar 2021 ta nuna fiye da mutum ɗaya cikin biyar na mazauna ƙasar ba ’yan ƙasa ba ne, kuma taken ƙasar da kansa yana kiranta ƙasar karɓar baƙi. Shugabansu na farko, Hufwe Bwanyi, shi ya buɗe ƙofa ga masu zuwa noman koko da kasuwanci. Amma bayan rasuwarsa a Disambar 1993 aka shiga gardamar wane ne ɗan ƙasa na asali, wane ne baƙo, aka yi tawaye a 2002, rikicin zaɓen 2010 zuwa 2011 kuma ya ci rai kusan 3,000. Alhaji yana nan duk aka yi. Bai cika son maganar ba. Sau ɗaya kawai ya ce mini akwai makwannin da bai leƙa titi ba, kuma maƙwabtan da ba addininsu ɗaya ba ne suka riƙa shigo masa da shinkafa. Daga nan ya canja zance. Na lura haka kowa yake a gidan: za a tsokane ka kan ƙabilarka, hancinka, abincinku, matan garinku, amma da hira ta karkata wajen zaɓe sai ka ga an tashi ɗauko wani abu a ɗaki.

Tsokanar kuwa na sha ta a gasar cin kofin Afirka. Filin wasan Ebimpe yana nan kusa da Anyama, ina wuce hanyarsa kullum. Ranar 18 ga Janairun 2024 Najeriya ta ci Kwadebuwa 1-0, na shigo gida ina taku ɗai-ɗai, na tsaya tsakar gida na ce wa kowa yako. Bayan kwana huɗu Ikwatoriyal Gini ta zuba musu 4-0, aka sallami kocinsu, gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Na ƙara yi musu yako, har da dafa kafaɗa. Da na san abin da ke tafe da na rage.

Da kyar suka tsallake rukuni, suka fitar da Senegal, suka fitar da Mali, suka fitar da Kwango ta Kinshasa, sai ga mu da su a wasan ƙarshe ranar 11 ga Fabrairu. Aka fito da talabijin tsakar gida. Na sa koriyar rigata, ni kaɗai a cikin masu riguna ruwan lemo. Troost-Ekong ya ci da ka kafin hutun rabin lokaci, na yi tsalle har na zubar da zoɓon wani. Kessié ya farke. Saura minti tara Haller ya sa ta biyu. Abin da ya biyo baya ba zan iya kwatanta shi ba, garin gaba ɗaya ya fito titi. Gaskiya gabana ya faɗi, na tuna rigar da ke jikina, na nufi ɗaki. Ban kai ba. Samarin layin suka ɗaga ni sama, suka zagaya da ni har bakin titi suna waƙa da kalma ɗaya, yako, yako, wani ya ɗaura mini tutarsu a wuya, wani ya tura mini soyayyar ayaba a baki. Washegari aka ba da hutu, kuma har na bar garin sunana a layin “Biyu da Ɗaya.”

Na tashi tafiya ana saura kwanaki a fara azumi. Na ɗaure kaya, na leƙa na ce wa Tanti sai wata rana, zan wuce. Alhaji ya girgiza kai.

“Ba a haka. Zauna ka roƙi hanya.”

Na zauna. Na ce, da Faransancina na yawon canji, ina roƙon hanya. Ta yi kamar ba ta ji ba, ta tambaye ni ko mahaifiyata na cin aceke. Na sake roƙo. Ta aiki jikarta ta ɗauko ƙulli a leda, busasshe ne, wanda zai kai Kano bai lalace ba, ta nuna mini da hannu yadda za a yayyafa masa ruwa a turara. Da na roƙa na uku sai ta ce ta ba ni rabi.

Na dubi Alhaji.

“Rabin hanyar ta ba ka,” in ji shi. “Ɗaya rabin yana hannunta, da shi za ka dawo. Ɗauki jakarka, kada motar Nowe ta cika.”