Abin da durom ɗin toluwin ya koya mini game da wuta da lafiya

Duk wanda ya yi aiki a kamfanin fenti ya san warin toluwin ko da bai san sunansa ba. Ruwa ne garau, ido ba ya bambanta shi da ruwan sha, ana narkar da fenti da gam da tawadar ɗab'i da shi, kuma yana cikin abubuwan da ake haɗa tinna da su. Aikina a sito ne: in karɓi durom-durom, in duba takardunsu, in ba masu haɗi abin da suka nema. Da na kama aiki, abu ɗaya aka ja mini kunne a kai, wuta. Ba shan taba, ba ƙyasta ashana, ba kawo janareta kusa. Gargaɗi ne na gaskiya, sai dai rabi ne na abin da ke rubuce a jikin durom ɗin, kuma ɗaya rabin ya fi wuyar shiga kan mutane.

Rubutun nan na jikin durom yana bin tsarin da ake kira GHS, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara domin sinadari ɗaya ya riƙa ɗaukar gargaɗi iri ɗaya ko daga Sin ya fito ko daga Jamus. An yanke shawarar yin sa a taron muhalli na Riyo a Brazil a 1992, aka amince da shi a ƙarshen 2002, aka buga shi a 2003. Ya kasa haɗari gida uku: abin da sinadarin kan yi da kansa, kamar kama wuta ko fashewa, da abin da yake yi wa jikin mutum, da abin da yake yi wa muhalli. Kowane haɗari kuma yana da rukuni mai lamba, ƙaramar lamba ita ce mafi tsanani. Toluwin yana ɗauke da alamomi uku, kowace cikin murabba'i mai jan baki da ke tsaye a kan kusurwarsa: harshen wuta, da alamar motsin rai, da hoton mutum mai wani abu kamar tauraro a ƙirji. Ba shi da ƙoƙon kai da ƙasusuwa, don haka ma'aikata da yawa kan ce ai ba guba ba ne. Ƙoƙon kan nan an keɓe shi ne ga abin da ɗan kaɗan daga cikinsa ke kashewa nan take. Mai cutarwa sannu a hankali, alamarsa mutumin nan ne mai tauraro a ƙirji, wanda kusan ba mai kallonsa.

Ta fuskar wuta, toluwin yana rukuni na 2 cikin ruwaye masu kama wuta, lambar gargaɗinsa H225. Abin da ake aunawa shi ne mafi ƙarancin zafin da ruwan ke fitar da isasshen tururin da tartsatsi zai kunna. Na toluwin digiri 4 ne a ma'aunin Salshiyas, yana kuma tafasa a wajen digiri 111. Duk ruwan da nasa bai kai digiri 23 ba, amma tafasarsa ta haura digiri 35, rukuni na 2 yake shiga. Da na ɗora lambar nan ta 4 a kan yanayin Kano sai na ga abin da take nufi: ko da asubar tsakiyar hunturu, lokacin da kowa ke rawar ɗari, toluwin ya riga ya wuce iyakarsa. Babu rana ɗaya a shekara da za a ce yau dai ba zai kama ba.

Tururin yana ci ne idan ya kai tsakanin kashi 1.1 da kashi 7.1 cikin 100 na iskar wurin. A zafin ɗaki na yau da kullum, iskar da ke saman ruwan a cikin rufaffen durom tana faɗawa daidai cikin wannan tsakanin. Wato durom ɗin da ke zaune shiru a sito tartsatsi kawai yake jira. Tartsatsin kuwa ba lallai daga ashana ba. Toluwin ba ya sakin lantarkin da gogayya ke tarawa, sai ya yi ta taruwa a jikinsa yayin da ake zuba shi ta tiyo ko ake kwarara shi daga sama, har ya yi tsalle zuwa ƙarfe mafi kusa. A busasshiyar iskar hunturu, lokacin da ko riga ka cire sai ka ji tana tas-tas, abin ya fi tsanani. Shi ya sa muke ɗaure durom da mazubi da waya, mu kuma haɗa su da ƙasa kafin a buɗe famfo. Sabon ma'aikaci kan ɗauki wayar nan ɓata lokaci ne, sai an zaunar da shi an yi masa bayani.

Tururin ya ninka iska nauyi sau uku, don haka ba ya tashi sama, sai ya bi ƙasa yana malala kamar ruwan da ya ɓalle daga randa, ya shiga kwata, ya je ya tarar da wuta a nesa ta biyo shi ta dawo. Ruwan kansa ya fi ruwa rashin nauyi kuma ba ya gauraya da shi, saboda haka wanda ya feshe gobararsa da tiyon ruwa yaɗa ta yake yi. Kumfa ko hoda ake sa mata. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne durom ɗin da aka ce ya ƙare. Na zauna na yi lissafi: a durom mai cin lita 200, toluwin da bai cika cokalin cin abinci ɗaya ba ya isa ya mayar da iskar ciki abin fashewa. Irin waɗannan durom ɗin ne ake saya a kai wa mai walda ya yanka don a yi mazubin ruwa ko murhu. Tun da na gane haka ba na yarda durom ya bar sito sai an wanke shi an bar shi a buɗe ya sha iska, kuma takardar gargaɗin tana jikinsa.

Darasin da ya fi kowanne zauna mini kuwa ya fito ne daga jera lambobi biyu. Kashi 1.1 cikin 100, inda wuta ke fara yiwuwa, daidai yake da kashi 11,000 cikin miliyan. Iyakar abin da aka yarda ma'aikaci ya shaƙa a aikin awa takwas kuwa kashi 50 ne cikin miliyan a ƙa'idar Tarayyar Turai, ƙungiyar masana lafiyar ma'aikata ta Amurka ma 20 ta ce. Tazarar ta haura ninki ɗari biyu. Ma'anarsa, ɗakin haɗa fenti zai iya kasancewa nesa ƙwarai da gobara, na'urar auna tururi ba ta yi ƙara ba, kowa hankalinsa kwance, alhali mutanen ciki suna shaƙar abin da ya ninka iyakar lafiya sau goma ko ashirin. Duk tanadin da muka yi na wuta, da bokitan yashi da tukwanen kashe gobara da hana shan taba, ko ɗaya ba ya kare huhu da ƙwaƙwalwa.

Gargaɗin lafiyar a bayyane yake. H336 ya ce yana sa jiri da barci. H373 ya ce yawan shaƙa na tsawon lokaci yana iya lahanta gaɓoɓi, kuma a nan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ake nufi: mantuwa, rawar hannu, raunin bambance launi, da raunin ji, wanda ke ƙaruwa idan wurin yana da ƙarar injuna. H315 ya ce yana ɓata fata. Akwai wani dattijo a wurinmu da ya daɗe yana haɗa fenti, kullum in ya tashi aiki da tinna yake wanke hannu, fatarsa duk ta tsattsage. Na ce masa, "Baba, don Allah ku bar wanke hannu da wannan, yana cinye maiƙon fata, wani kuma yana ratsawa cikin jiki." Ya ce, "Yaro, ni ko warinsa ba na ji yanzu, jikina ya saba. In na koma gida kuma ina shan madara." Maganar ta dame ni, domin rashin jin warin gajiyar hanci ce kawai, tururin yana nan yana shiga. Madarar kuma abinci ce mai kyau, amma ba ta wanke abin da ya riga ya bi ta huhu ya shiga jini. Haka takunkumin ƙyalle ko na ƙura da ake raba wa ma'aikata: ƙura yake tarewa, tururi wucewa yake yi. Sai mai gwangwanin gawayi na musamman, shi ma ana sauya gwangwanin in ya cika. Safar hannu ta roba siririya ma ba ta jimawa toluwin ke ratsa ta. Kafin duk waɗannan, abin da ya fi amfani shi ne rufe mazubi da buɗe hanyar iska. Da lallashi da girmamawa Baba ya koma sabulu, madarar dai bai bari ba, ni ma ban matsa ba.

Akwai gargaɗi ɗaya da toluwin ke rukuni na 1 a cikinsa, H304: in an haɗiye shi ya sarƙe ya shiga hanyar numfashi, yana iya kisa. Ba shi da kauri, don haka ɗan kaɗan ya isa ya bazu cikin huhu ya ƙona shi. Wannan ya ci karo da abin da muka taso muka tarar, cewa wanda ya sha wani mugun abu a ɗura masa manja ko a sa masa yatsa a maƙogwaro ya amayar. A nan aman shi ne haɗarin, domin a hanyar dawowa ne ruwan ke faɗawa huhu. Ba a sa shi amai, asibiti ake kai shi da gaggawa tare da takardar sinadarin. Hukuncin kananzir da fetur ke nan su ma, kuma shi ya sa na hana zuƙo ruwa daga durom da baki ta tiyo, duk da kowa ya iya.

H361d ya fi sauran wuyar faɗa. Yana nufin ana zargin sinadarin da cutar da ɗan da ke ciki. Rukuni na 2 ne, wato akwai shaida amma ba ta kai ƙarfin a yanke hukunci ba. Wani ya taɓa ce mini tunda zargi ne a bari sai an tabbatar. Ban yarda da shi ba, kuma har yanzu ban yarda ba: matar da ke liƙa takarda a gwangwani kusa da inda ake cikawa ba za ta jira masana su gama bincike ba kafin ta haihu. Muka roƙi babbar cikinsu ta sanar da sauran mata, duk mai juna biyu ta faɗa mata a asirce, a mayar da ita sashen da ba tururi ba tare da an taɓa albashinta ba.

Na kuma koyi kada in tsaya a sunan da ke jikin durom. Toluwin ɗan'uwan benzin ne na kusa, ɗan ƙaramin reshe ne ya raba su a ginin ƙwayarsu, amma benzin tabbataccen mai jawo sankarar jini ne, toluwin kuwa ba a sa shi a wannan sahun ba. Toluwin na masana'antu yakan zo da ɓurɓushin benzin, kuma a ƙa'idar GHS in ya kai kashi 0.1 cikin 100, dukan ruwan ya koma mai gargaɗin sankara. Takardar bayanan kariya da ke rakiyar kowane sinadari sashe 16 gare ta. Sashe na 2 ne ke ɗauke da rukunan haɗari, amma ni yanzu ba na sa hannu sai na leƙa sashe na 3, inda aka jera abin da ke ciki.

Inda tsarin ya fi rauni shi ne lokacin da ruwan ya bar durom. Ana zuba shi a jarka, daga jarka zuwa galan, daga galan zuwa gorar ruwan sha, ya isa hannun mai fentin mota da kafinta da mai gyaran takalmi ba ko harafi ɗaya a jikinsa. Yaro ya gan shi a gora ya ɗauka ruwa ne. Jirin nan da H336 ke gargaɗi a kai kuwa shi ne abin da matasa masu shaƙar sholisho ke nema, domin irin waɗannan gam da toluwin ko danginsa ake narkar da su, kuma lahanin ƙwaƙwalwar da ma'aikaci ke tarawa cikin shekaru su cikin ɗan lokaci suke tara shi. Kasuwa ba a hannuna take ba, sito ne a hannuna. Ba mazubin da ke fita daga ƙofarsa sai an liƙa masa alamomin nan uku, da sunan ruwan, da layi huɗu da Hausa: yana kama wuta ko cikin sanyi, kada a shaƙa, kada a wanke hannu da shi, wanda ya sha kada a sa shi amai. Gorar ruwan sha kuwa ba na zuba wa kowa a ciki, ko Oga ne ya aiko.