Farin ƙurjin nan da ke cin tukwanena, na gano bakin zarensa

'Yan uwa masu koyo, yau da farin ciki na zo. Tukwanen shuka furannin da na sauke daga tanderu sun kwana biyu a tsakar gida, har raɓa ta sauka a kansu, kuma babu ko ɗaya da ta ɓantare. Alhamdu lillahi.

Wanda bai taɓa gamuwa da wannan ciwo ba ba zai gane murnata ba. Ka sauke kaya lafiya lau, ka ƙwanƙwasa ka ji ƙara tangaran, ka jera su kana taƙama. Bayan kwanaki sai ka ga ɓaraguzai a ƙasa. Ka ɗaga tukunya ka tarar an ƙwaƙule jikinta nan da can kamar fuskar wanda ya yi agana, a tsakiyar kowane rami akwai ɗan farin gari da bai kai ƙwayar gero ba. Wani mai lambu ya dawo mini da kaya kusan rabin abin da ya ɗauka, ga itacen naira dubu ashirin da na zuba a wannan gashin ya tafi a banza. Ranar ko abincin dare ban iya ci ba.

Shawara kam na sha ta. Wannan ya ce ban cuɗa yumɓu sosai ba, wancan ya ce iska ce ta maƙale a ciki, wani ya ce na yi saurin buɗe tanderu. Duk ba su ba ne. Tukunyar da iska ko danshi ya kashe a cikin wuta take fashewa, ba ta jira sai ta huce ta kwana. Mai yin wannan ɓarnar dutsen farar ƙasa ne. Mu nan yankin Sakkwato a kansa muke zaune, shi ya sa ma aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina, kuma ƙananan tsakuwoyinsa suna shiga yumɓun da ake haƙo mana. Idan zafi ya wuce digiri 800 ya doshi 900 a ma'aunin Celsius, tsakuwar sai ta ƙone ta koma ɗanyar farar ƙasa mai ƙishin ruwa. Da ta fito sai ta riƙa zuƙar danshin iska tana kumbura, har ta ture fatar tukunyar da ke kanta. Nan na gane dalilin da ya sa iyayenmu mata masu gashi a fili da kara da kashin shanu ba su cika kukan wannan ba: wutarsu ta ɗan lokaci ce, sau da yawa ba ta kai ta dafa tsakuwar har ciki ba. Tanderun da muke alfahari da shi shi ya tono mana ita.

Gwajin ba wuya. Na tsinci tsakuwoyin daga busasshen yumɓu, na matsa musu lemon tsami, sai ga su suna kumfa. Yashi ba ya yin haka.

Maganin ne mai cin rai. Tsintar hannu ba ta isa ba, domin wadda idonka bai gani ba ita ke yin ɓarnar. Yanzu sai na shanya yumɓun ya bushe ƙayau, na farfasa, na jiƙa a durom, na dama shi ya koma ruwa-ruwa, sannan na tace. Ragar sauro ta taga na fara sawa, ta rage amma ƙanana suna wucewa. Da na ninka ta biyu kuma na bi da rariyar tankaɗe, abin da ya rage a kai ya ba ni tsoro, cikin tafin hannu daga bokiti ɗaya. Daga nan a zuba a rami mai shimfiɗar buhu ya tsane. Tsanewar nan ita ke cinye mako, kuma maigidana yana ta faɗan cewa na mai da wurin aiki fadama. Ku lura, tataccen yumɓu ya yi laushi da yawa, yana tsagewa wajen bushewa, dole na mayar masa da dakakken tsingaro, wajen kashi ɗaya cikin biyar. Tsingaron ma daga tukwane masu lafiya, kada ka daka mai ƙurji ka mayar da cutar da hannunka.

Na ƙara da dabara guda: da an sauke kaya sun huce yadda hannu zai iya riƙewa, sai in nutsa su cikin ruwa su sha su ƙoshi. Ragowar farar ƙasar takan jiƙe lokaci ɗaya ta yi laushi, ba ta samun damar turo bango a hankali. Gabana ya faɗi da na ji suna tsuwa a cikin baho, amma ko ɗaya ba ta tsage ba.

Niyyata a wannan wata in fara randuna ne da kaskon yumɓun da ake sawa cikin murhun gawayi, duk tacewa ta cinye lokacin. Randa tana cin yumɓu, kuma ban ga yadda zan tace na randa goma da rariyar tankaɗe ba tare da bayana ya karye ba. In akwai wanda ya haɗa babbar rariya mai katako da ake girgizawa a kan rami, don Allah ya faɗa mini irin wayar da ya sa da yadda ya ɗaure ta ba ta lotsa ba.