Buhu arba'in na albasa

Shekara tara na yi ina shan wiwi a Legas, kuma da ka tambaye ni a lokacin sai in rantse maka ba maye nake nema ba. Kaina ne ba ya yin shiru. Tun ina yaro a Funtuwa haka nake: malam na biya mini allo, ni kuwa ina can ina ƙirga tantabarun maƙwabta. Dorina na sha ta har ta daina shiga ta. Inna takan ce da ƙaya a mazaunai aka haife ni.

Na zo kasuwar Mile 12 a 2013, ina riƙe wa Alhaji littafin lissafi a wajen 'yan albasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a nan da sassafe, tirelolin Aliero na sauke kaya, 'yan dako na ihu, matan Yarabawa na taya buhu, ya san mai natsuwa ma sai ya dage. Wani dare wani ɗan acaɓa ya miƙo mini naɗi ɗaya. Zuƙa uku, sai na ji kamar an kashe rediyo goma a cikin kaina. Na yi barcin da rabona da shi tun ina gida. Na ce lallai na samu magani.

Naɗin dare ya haifi na safe. Ganyen gida ya daina kama ni, na koma Loud, wata wiwi mai ƙarfi da cin kuɗi. Colorado, wadda ake fesa wa sinadarai, sau ɗaya na gwada, na farka a bakin kwata babu takalmi.

A 2022 na ba wani bashin buhu arba'in, na ce zan rubuta in na dawo daga masallaci. Ban rubuta ba, fuskarsa ma ta ɓace mini. Alhaji ya kira ni bayan rumfa ya ce, "Ɗana, ban ce ka ci ba. Amma jan idon nan naka ya daɗe yana ba ni labari. Ka je a duba ka, ni zan biya."

"Baba, asibitin Yaba fa na mahaukata ne."

"To ka tsaya sai ka zama ɗaya, sannan mu kai ka a ɗaure."

Likitar ba ta daɗe a kan wiwi ba, yarantata ta riƙa tonowa, har ta sa na kira Inna a waya ina fassarawa. Ta ce sai na yi makonni ban sha ba kafin ta tantance, don hayaƙin kansa na kawo mantuwa. Daga baya ta ambaci ADHD, lalurar kasa tattara hankali da yawan rawar kai, wadda alamunta ke bayyana kafin shekara 12 kuma take bin mutane da yawa har girma. Ta ce masu ita sun fi saurin faɗawa shaye-shaye. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayaninta kan THC, sinadarin da ke sa maye: yana raunana riƙe abin da aka gaya maka yanzu-yanzu, daidai wurin da dama nake ɗingishi. Ana kukan targaɗe, ni da hannuna na ƙara karaya.

Makon farko na dainawa bai yi daɗi ba. Barci ya ƙaura, abinci kamar ƙasa, ga gumin dare da mafarkai masu firgitarwa, ga faɗa da kowa. Bayan kamar mako biyu jiki ya lafa, amma rediyoyin suka dawo, kuma su suka mayar da ni ruwa sau biyu. Ban tsaya da ƙafata ba sai da aka ɗora ni a kan methylphenidate, maganin ADHD, wanda ba a bayarwa sai da takardar likita, ga tsada, wani watan sai ka zaga kantin magani uku. Masu cewa in dai ka yi niyya shi ke nan, ba su taɓa kwana a cikin irin kaina ba.

Yanzu ba na ɗaga ido daga mai saye sai na rubuta sunansa. Wayata na kaɗawa sau shida a yini don ta yi mini tuni. Na canza hanyar komawa ɗaki don kada in bi ta ƙarƙashin gadar da muke zama.

Wanda ya kwashi albasar har yau bai dawo ba. Alhaji ya yafe rabi, sauran ana cira a ladana duk ƙarshen wata.