Yadda autanmu ya koma bakin keken ɗinki

Ni tela ne a Katsina, shagona na wajen Ƙofar Marusa. Autanmu ya kamu da ciwon ƙwaƙwalwar da likitoci ke kira sikizofiriniya yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, shekarun da ciwon ya fi bayyana ga maza. Ba mu kaɗai ba ne, don a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 300 na fama da shi. Wasu dangi sun kawo shawarar gidan mari, Inna ta ce ba da ɗanta ba. Na ƙara gode mata a 2019, da aka ga yadda aka fito da mutane cikin sarƙa daga irin waɗannan gidaje a Daura da nan Katsina.

Allurar wata-wata da ake masa a asibiti ta yi aikinta. Ya daina jin muryoyi, ya daina zargin an sa masa wani abu a tuwo. Amma sai ya wuni a zaure bai ɗaga tsinke ba, in ka aike shi sayen abu uku ya dawo da ɗaya. Aka fara cewa son jiki ne. Likitansa ya ce a'a: magani yana kwantar da muryoyi da zargi, amma bai cika dawo da natsuwa da riƙe magana da iya tsara aiki ba, kuma mutuwar jikin nan ma daga ciwon take. Waɗannan sai da horo. Ya ba ni labarin wani tsari da aka fara a jihar New Hampshire ta Amurka a farkon shekarun 1990, inda ba a jiran mutum ya warke sarai. Ana sa shi a aikin gaske da yake so, mai biya, a riƙa tallafa masa a wurin, kuma an ga sun fi samun aiki a kan waɗanda aka daɗe ana koya wa kafin a sake su.

Na tambaye shi abin da yake so. Ya ce, "Yaya, ɗinki dai, in zan iya."

Da maɓalli muka fara, da safe, kafin shago ya cika, rediyo a kashe. In ya yi kamar minti ashirin sai ya sha iska. Ba na haɗa masa umarni biyu. Na rubuta matakan kalmasar ƙafar wando a kwali, na manna a bango saitin idonsa: auna, ja alli, ninka, goge, ɗinka. Yakan faɗi kowane mataki da baki kafin ya yi, har yaran shago suka saba da jin sa yana cewa "na auna, saura alli". Nakan tsaya kusa in tare kuskure tun bai auku ba, domin mai wannan ciwo in hannunsa ya saba da kuskure, warware shi yana da wuya. Ya ɗauki watanni a kalmasa kaɗai. Da na ga ya daina ɗaga kai yana duba kwalin, na cire, na manna na aljihu.

Kuɗin aikinsa kuwa a hannu nake ba shi duk yamma, daidai da na sauran yara, ba sadaka ba. A ganina wannan ya fi komai tashe shi da safe. Ranar da ya sayo wa Inna goro da kuɗinsa, ta riƙe ƙullin ta kasa magana.

Hannunsa ya taɓa yin rawa har zare ya gagara shiga allura. Ya so ya bar magani, muka koma asibiti, likita ya gyara masa, rawar ta ragu. Ɗinkin Sallah kuma, da teloli ke kwana a shago, ba ya cikinsa. Rashin barci na iya tayar da ciwon, don haka ana sallame isha'i yake tafiya gida, ko da shadda ta kai rufi. Masu kaya ma akwai wanda ya ce kada a ba shi yadinsa. Ban yi musu ba, na nuna masa wandon da ke jikina.

Yanzu yana haɗa wando daga yanka har guga. Awo ne ya rage, saboda surutun mai kaya yana raba masa hankali. Mun saya masa littafi, yana rubuta kowace lamba yana maimaita wa mutum kafin ya ɗauke tef, kuma a yanzu awon yaran gida kawai yake ɗauka.