Karanta ƙanƙara kafin a sa kwalekwale a ruwa

A ƙarshen watan Janairu ake fara ba da izinin shiga Boundary Waters, dajin nan mai tafkuna sama da 1,000 da ke arewa maso gabashin jihar Minnesota ta Amurka, daf da iyakar Kanada. Daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba ba a shiga da kwana sai da wannan izini, kuma kowace mashiga tana da adadin ayarin da take ɗauka a rana. Abu biyu ne a jikin takardar: ranar shiga da mashigar. To a lokacin da mutum yake zaɓar ranar nan, kaurin ƙanƙarar da ke kan tafkunan ya doshi ƙafa biyu, wani wurin har uku kafin hunturu ya kau. Mai son tafiyar farkon Mayu yana yanke shawara ne kan ruwan da ba zai ga fuskarsa ba sai bayan wata uku.

Tun da na zauna a jihar nan nake cikin masu wannan ɗoki. A makon da ƙanƙara ta tafi, sauro da baƙaƙen ƙudajen nan masu cizo ba su fito ba tukuna, wuraren zango duk babu kowa, kifin da ke gudu can ƙasa idan zafi ya zo yana nan kusa da sama. Tsuntsun ruwan da suke kira loon, mai baƙin kai da jan ido, yakan sauka kusan ranar da tafki ya buɗe. Wanda ya taɓa kwana a dajin a irin wannan mako, da wuya ya haƙura da shi.

Inda nake fara dubawa shi ne taswirar da ma'aikatar albarkatun ƙasa ta jihar take ajiyewa, mai nuna ranar da kowane tafki ya saba buɗewa da ranakun da ya fi sauri ko jinkiri. A shekarar da ta zo daidai, ƙananan tafkunan da ke wajen garin Ely sukan buɗe a ƙarshen Afrilu, manyan da ke gabas, irin su Saganaga da Gunflint, sai a makon farko na Mayu. Sai dai shekarar da ta zo daidai ɗin ba kullum ake samunta ba. A 2012 tafkuna da yawa sun buɗe tun cikin Maris. Shekara guda bayan haka, a 2013, aka buɗe lokacin kamun kifi a wajen tsakiyar Mayu alhali tafkunan arewa suna daskare. A 2024 kuma, bayan hunturun da bai yi ƙarfi ba, ruwa ya sake buɗewa da wuri ƙwarai. Tsakanin shekara mai sauri da mai jinkiri akwai fiye da wata guda. Har ma'anar buɗewar ba ɗaya ba ce a bakin kowa: wani sai ƙanƙara ta kusa ƙarewa kakaf yake cewa tafki ya buɗe, wani da zarar jirgi zai iya ratsawa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Don haka taswirar tana nuna mini wane tafki ne ke riga wani, kuma wannan jerin bai cika sauyawa ba. Rana kuwa sai na nemo ta da kaina.

Dusar ƙanƙarar da ke kwance a bisa tafkin ita ce abin da na fi zuba wa ido daga tsakiyar Maris. Sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana sama, saboda haka muddin tana nan, ƙanƙarar da ke ƙarƙashinta ko gezau. Na sha ganin mako guda na ɗumi ya tafi wajen cinye dusa kawai, sai a wayi gari wata ta sake zuba a Afrilu, aiki ya koma baya. Ranar da dusa ta kau ne lissafi na gaskiya yake farawa. Hasken rana yana ratsa ƙanƙarar, ya ɗumama ruwan da ke ƙasa, sai ta riƙa cinyewa ta sama, ta ƙasa, da ta ciki a lokaci guda. Aikin kuma ba ƙarami ba ne: zafin da zai narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara, shi ne zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa kusan 80 a ma'aunin Celsius.

Wannan ne ya sa nake tara zafi a littafi. Kowace rana ina ɗaukar mafi zafi da mafi sanyi na garin da ya fi kusa da mashigata, in haɗa su in raba biyu. Idan rana ta kai digiri 10, dare ya sauka zuwa 2 ƙasa da sifili, tsaka-tsakin 4 ne, sai in rubuta 4. Ranar da tsaka-tsakin bai haura sifili ba, ba ta da komai. Ina tarawa, ina kwatanta jimlar da ta shekarun baya a daidai ranar da tafkin ya buɗe. Masu bincike a Minnesota Sea Grant, wani shirin nazarin ruwa na Jami'ar Minnesota, sun gina wani ma'auni na intanet a kan irin wannan lissafi, kuma nakan duba shi in ga ko mun dace. Abin da littafin ya koya mini shi ne daren da bai daskare ba ya fi mini rana mai zafi daraja, domin idan dare ya yi sanyi saman ƙanƙarar yakan sake yin fari ya taurare, rana ta ɓata safiya tana warware shi.

Daga nan sai launi. Fara tana da sauran ƙarfi. Idan ta koma toka-toka, ruwa ya fara shigarta. Idan ta yi duhu sosai, kwanakinta sun ƙare, abin da take jira kawai iska ce ko ruwan sama mai ɗumi. Ana iya ganin wannan daga gida. Hotunan taurarin ɗan'adam na Terra da Aqua, da hukumar NASA take sakawa kullum, suna nuna manyan tafkuna, sai dai kowane ɗigo a hoton mita 250 ne, ƙaramin tafki ɓacewa yake yi. Na Sentinel-2 na Turai suna kaiwa mita 10, har lungun tafki ana gani, amma sai bayan kwanaki suke dawowa wuri ɗaya, kuma gajimare kan rufe komai a daidai ranar da ake buƙata. Shi ya sa a makon ƙarshe nake buga wa masu ba da hayar kwalekwale waya. Su ne a bakin ruwan, wasunsu suna huda ƙanƙara suna auna kaurinta.

A wata shekara mai jinkiri na tafi da ƙanena, wanda ya zo karatu. Mun isa bakin wani babban tafki muka tarar da buɗaɗɗen ruwa ya zagaye gaɓa, faɗinsa ya ishi kwalekwale, tsakiya kuwa faifan ƙanƙara guda ne baƙi ƙirin. Na miƙa filafili na janyo wani ɓalli. Yana zuwa hannuna ya warwatse zuwa dogayen sanduna masu tsawon kamu guda, garau da su, irin wadda mutanen nan suke kira ƙanƙarar kyandir. Duk gefen faifan haka yake, igiyar ruwa tana kaɗa sandunan suna ƙara siririya ba tsayawa. Irin wannan ƙanƙara ko kaurinta ya kai ƙafa guda ba ta ɗaukar mutum, kuma ba ta barin kwalekwale ya ratsa.

Ya ce, "Yaya, ai ga hanya nan, mu bi gefe mana."

Na ce masa, "Dubi inda iska take kaɗawa tukuna."

Daga kudu take busowa, ta tura faifan arewa, shi ya buɗe mana gefen da muke tsaye. Hasashen yanayi kuma ya ce za ta juya da dare. Da mun bi gefen mun kafa tanti a ciki, faifan nan mai nauyin da ba ya misaltuwa zai dawo ya toshe bakin lungun, mu zauna jiran ikon Allah. Muka juya zuwa jerin ƙananan tafkuna marasa zurfi da rafi ya haɗa, masu ruwa ja kamar shayi saboda ganyayen fadama. Irinsu ne ke fara buɗewa, don ruwa mai gudu yana cin ƙanƙara, ruwa mai duhu kuma yana riƙe zafin rana. Manomi a gida bai cika zuba irinsa duka a ruwan farko ba, sai ya tona ya ga inda laima ta kai. Haka nake ɗaukar buɗaɗɗen ruwan farko a gefen babban tafki.

Akwai abin da ba na sassauci a kansa. Tafkin da ya buɗe jiya, ruwansa bai wuce digiri 4 ba. Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba, wanda ya daɗe yana nazarin faɗawa ruwan sanyi, ya taƙaita abin da lamba uku: minti 1 na shawo kan numfashi, minti 10 da hannu da ƙafa za su yi aiki, sai kamar awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankali. Awar nan kuwa sai mai sanye da rigar kariya daga nutsewa yake samunta. A ayarina ba mai shiga kwalekwale sai ya ɗaure tasa, muna bin gaɓa ko da hanya za ta ninka, busassun kaya suna cikin jakar da ruwa ba ya shiga. Ko alwala, ƙanena ya gwada sau ɗaya da ruwan tafkin, yatsunsa suka ƙi lanƙwasuwa, daga nan kullum sai mun ɗora tukunya. Wuta ma abar tsoro ce a wannan lokaci, domin ciyawa ba ta tsiro ba, daji a bushe yake. Gobarar Ham Lake, da ta ci wani ɓangare na dajin nan a 2007, a farkon Mayu ta tashi, daga wutar zango.

Duk lissafin nan bai taɓa ba ni rana tak ba, kuma na daina neman ya ba ni. Yana kai ni cikin mako guda, iska ta ƙarasa sauran. Amfaninsa na gaske shi ne zaɓen wuri. A Janairu nakan karɓi izinin mashigar da take farawa da rafi ko ƙananan tafkuna a ɓangaren yamma. Idan littafina da hotuna suka nuna shekarar mai sauri ce, sai in soke shi in nemi na babban tafki, tunda ba a sauya rana ko mashiga a jikin takarda, kuma a farkon Mayu gurabe ba su cika ƙarewa ba. Ba na tsara hanyar zagaye a wannan lokaci, domin tafki ɗaya da bai buɗe ba a tsakiyar zagayen ya isa ya tsare ayari. Inda muka bi muka shiga, nan muke bi mu fito. Hanyoyin tudu da ake saɓa kwalekwale a kafaɗa tsakanin tafki da tafki kuwa, a ɓangaren inuwa dusa kan kai gwiwa, ga itatuwan da hunturu ya kayar ba a sare ba tukuna, don haka nakan rage nisan kowace rana da rabi, in ƙara abincin kwana guda, in bar wa iyalina sunan mashigar da ranar da za su fara nemanmu.